Dogon Hutu: Kaset A Jaka, Waƙa A Hanya, Tsaraba A Gida

An rufe makarantu, an raba sakamakon jarrabawar zango na uku, wanda ya ci ya ci, wanda aka ce ya maimaita aji kuma ya ɓoye takardarsa a ƙasan akwati sai baba ya tambaya. Abin da ya rage a bakin yara da samari da 'yammata yanzu shi ne tambaya guda: ina za a je hutu? Turawa suna yin nasu dogon hutun ne a lokacin zafi, su tafi bakin teku su shanya jiki. A ƙasar Hausa kuwa hutun yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, lokacin da gero ya yi kai, masara ta fara nuna, marka ta sauka, garin ya yi luf. A Nijar ma 'yan lakwal da yawa ba su komawa sai wajen Oktoba. Saboda haka hutun ɗan Bahaushe da ruwan sama ake yin sa, da taɓo, da ƙamshin gasasshiyar masara a bakin titi.

Duk wanda ya leƙa tashoshin motar Kano a makon farko zai ga abin da ake faɗa. Unguwa Uku cike, Naibawa cike, Ƙofar Ruwa da 'Yankaba ba masaka tsinke. 'Yan kamasho na ta kiran gari, masu dafaffen ƙwai da ruwan leda na kutsawa tsakanin motoci. Wannan za shi Kaduna wajen yayarsa da ta yi aure bara, waccan za ta Jos gidan kawu, wancan an tura shi ƙauye wajen kaka, wai don ya san danginsa, alhali shi ya san fartanya ce ke jiran sa. 'Yan ƙauye kuma suna tahowa birni. Musanya ake yi kawai, kowa yana ganin daɗi na can inda ba ya nan.

A farkon shekarun 2000, idan aka buɗe jakar ɗan hutu, bayan kaya kala uku da man shafawa da buroshi, ba a rasa kaset. Na waƙoƙin fim ne galibi, wani na asali mai hoton jarumai a bango, wani kuma an kai wa mai rikoda a bakin kasuwa ya haɗa zaɓaɓɓu, an rubuta sunayensu da biro a jikin takardar. Yau kaset ya zama tarihi. Waya ce a aljihu da abin sa wa a kunne. Amma buƙatar ba ta canza ba: ba wanda ke son ya yi doguwar tafiya ba waƙa.

To amma fa a wancan zamani rediyon mota na direba ne, kuma direba sarki ne. Yawancin direbobin dogon zango mutanen Shata ne. Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a watan Yunin 1999, ya yi wa direbobi waƙa, su kuma suka riƙe shi har bayan ransa. In ba Shata ba, to Ɗanmaraya Jos ne da kuntiginsa, musamman waƙarsa ta Karen Mota, wadda in aka sa ta yaron mota kan yi kamar bai ji ba. Wani direban kuma wa'azi zai saka tun daga Naibawa har Kawo, ba mai cewa uffan. Sai a ga yarinya a kujerar baya tana ta jujjuya kaset ɗinta a hannu, tana jiran a wuce Kura ko Kwanar Ɗangora kafin ta yi ƙarfin halin cewa, “Malam direba, don Allah ko za a ɗan sa mana wannan?” In an yi sa'a ya karɓa. In ba a yi ba, wani dattijo a gaba ne zai riga shi amsawa, ya ce ai waɗannan waƙoƙin ne suka lalata 'ya'yan mutane. Daga nan muhawara ta ɓarke, har a isa Zariya ba a gama ba.

Fim ɗin da ya fara karya wannan katanga shi ne Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni a 1999, inda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito. Kafin shi an yi finafinai masu waƙa, domin tun Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 harkar ke tafe tana girma. Sai dai waƙar Sangaya ta shiga inda sauran ba su shiga ba. An ji ta a gidan biki, an ji ta a shagon tela, an ji ta a bakin 'yan talla, kuma a ƙarshe aka ji ta a motar haya, direban da kansa ya sayi kaset ɗin. Wasila, na Yakubu Lere daga Kaduna, ya biyo baya a 2000 ya ƙara buɗe ƙofar. Daga nan dattijon kujerar gaba ya ci gaba da faɗa, amma in aka lura da kyau ƙafarsa na ɗan motsi.

Yana da kyau masu tasowa su san yadda ake yin waɗannan waƙoƙi a lokacin, don da yawa sun ɗauka jarumin da ke motsa baki a allo shi ne mai muryar. Ba haka ba ne. Waƙa a situdiyo ake yin ta, a ɗan ƙaramin ɗaki, da makaɗi guda da fiyanonsa ƙirar Yamaha, wanda a cikinsa yake fitar da ganga da sarewa da duk wani amo da ake so. Situdiyon Iyan-Tama a Kano na cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki. Mawaƙi namiji da mace su tsaya gaban makirfo su rera, wannan ya ba da baiti, waccan ta mayar. Sai an gama sannan a ɗauki kaset a tafi lokeshin, a kunna, jarumai su hau kai da rawa da motsa baki. Sau da yawa ma waƙar ke riga labarin zuwa duniya. Furodusa ya sayi waƙa mai daɗi, sannan a zauna a nemo labarin da za a rataya mata. Wannan ne ya sa ake samun fim ɗin da labarinsa bai taka kara ya karya ba amma kasuwarsa ta yi kyau, kuma shi ne ya sa ake ganin masoya suna cikin kuka a falo, kafin ƙiftawar ido sai ga su a kan dutse sun canza kaya sau huɗu.

Muryoyin da suka raka 'yan hutu a hanya a waɗannan shekaru su ne irin su Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙassim, Sani Yusuf Ayagi, Yakubu Muhammad, Sadi Sidi Sharifai, Maryam A. Baba da Fati Nijar. Abin takaici, an daɗe ana sanin fuskar ɗan wasa ba a san ta mawaƙi ba. Mawaƙi zai shiga mota ya zauna a takure tsakanin fasinjoji, ana kunna muryarsa, ana yabon jarumin da ya hau waƙar, shi kuwa ko kallo bai ishi kowa ba. Sai daga baya, da zamanin su Nazifi Asnanic, Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef da Ali Jita ya zo, mawaƙa suka fara fitar da album na kansu, sunansu a gaba, hotonsu a bango. Zuwa 2020, lokacin da Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe wayoyi ana cikin kullen korona, waƙa ta riga ta daina jiran fim ya ɗauke ta.

Me ya sa waƙar da aka ji a hanya ba ta fita daga rai? Dalilin ba boyayye ba ne. Kaset mai lamba 90 minti 45 ne kowane gefe. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, zuwa Maiduguri kuwa ya kusa 600. Direba ba shi da kaset goma, biyu ne ko uku, in ya ƙare ya juya, in ya ƙare ya sake juyawa. Kafin a wuce Wudil, Azare, Potiskum, a kai Damaturu, fasinja ya ji waƙa guda ya sake jin ta, idonsa na kan gonaki kore shar, ransa cike da ɗokin inda za shi. Sai waƙar ta manne da wurin. Shekara ashirin bayan nan, matar aure mai 'ya'ya huɗu za ta ji wannan kiɗa ya taso daga wayar wani a asibiti ko a gidan suna, nan take ta ga gadar Wudil da ruwa ya cika ta, ta ji ƙamshin gyaɗar da ta saya ta taga. Ba daɗin waƙar kaɗai ba ne, har da shekarun da take ciki a ranar.

In kaset ya harɗe kuma, sai an tsaya an zaro zaren a hankali, a sa biro a rami a naɗe shi. Duk motar ta zuba ido. Wanda ya iya gyaran ya zama gwani na wannan rana.

Yanzu fa? Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannan masu ɗaukar memori suka biyo baya, sannan masu tura waƙa suka kafa teburansu a Farm Centre da bakin kowace tasha, al'amarin ya juya. Ɗan hutu na yau yana da waƙa dubu a aljihu, ba ya roƙon direba, ba ya jin faɗan dattijo. Ci gaba ne, ba musu. Sai dai mota ta yi shiru. Mutum goma a ciki, kowa ya toshe kunne, kowa da tasa duniyar. A da, baƙi biyu kan fara hira saboda waƙa, wannan ya ce ai ta cikin fim kaza ce, wancan ya ce a'a, kafin a sauka an yi musanyar adireshi, har a riƙa aika wa juna gaisuwa ta filin Zaɓi Sonka. Kuma wanda ke da waƙa dubu ba ya barin ko guda ta kai ƙarshe, yatsansa na kan ta gaba. Da wuya irin wannan sauraro ya bar tabon da kaset guda ya bari.

Akwai wani nau'in ɗan hutu da ya kamata a yi magana a kansa da kyau, wato wanda tafiyarsa ziyarar fim ce. In Jos ya nufa, burinsa ya ga duwatsun da ake rawa a kai, ya je tsaunukan Shere ko magangarar ruwa ta Assop, ya tsaya ya ɗaga hannu yadda jarumi ya yi a ɗauke shi hoto. Jos tana da haƙƙi a kan masu kallo. Sanyinta da duwatsunta sun ƙawata waƙoƙi ba iyaka, a can Hukumar Finafinai ta Nijeriya take da makarantarta ta koyon aikin fim, kuma a jami'ar garin Ali Nuhu ya yi karatu, shi da aka naɗa shugaban wannan hukuma a Janairun 2024. In kuma Kano aka zo, to akwai madatsar ruwa ta Tiga da Bagauda, akwai gidan zu na Audu Baƙo. Amma a shekarun 2000 ba nan ne zuciyar baƙo take ba. Titin Zoo Road yake so a kai shi, wajen Gidan Ɗan Asabe da ofisoshin 'yan fim, ko kasuwar Ƙofar Wambai inda dilolin kaset suke a lokacin, ko Allah zai sa ya yi ido biyu da wani tauraro.

Wanda ya dace ya gani, yakan dawo da labari iri biyu. Na farko wanda zai ba abokai: wallahi ga shi ga jarumi, har hannu suka yi. Na biyu wanda zai riƙe a ransa: ashe mutum ne kamar kowa, ya gaji, yana cin shinkafa da wake a roba, yana faɗa da furodusa a kan kuɗin mota. Wanda ya samu aka bar shi ya kalli ɗaukar fim kuwa, shi ne ya fi shan mamaki. Waƙar minti biyar sai ta cinye wuni guda. A jira rana ta fito daga cikin hadari, a jira janareto, a jira jarumar da ta ce tana hanya tun hantsi. A yi taku uku darakta ya ce a sake. Mai kallo da ya ga wannan da idonsa ya fi wanda bai gani ba fahimtar abin da yake saya.

Sai dai a nan ne kuma haɗarin yake, kuma ba abin wasa ba ne. An sha samun yarinya ta ce wa iyayenta za ta hutu gidan ƙanwar uwa, ta sauka a tasha ta wuce neman wanda zai sa ta a fim. Ba ta san kowa ba, sai lambar waya da wani ya ba ta, ko wani shafi a intanet mai ɗauke da hoton jarumi wanda ba jarumin ne ke riƙe da shi ba. Masu jiran irin waɗannan yara suna nan, kuma yawancinsu ko kyamara ba su taɓa riƙewa ba. Za su karɓi kuɗin fom, su karɓi na rajista, abin da zai biyo baya kuma ya fi kuɗi ciwo. In ta ɓaci, sunan 'yan fim ne ke ɓaci gaba ɗaya. Mai shirya fim na gaskiya yana da ofis, yana da ƙungiya, a Kano kuma akwai Hukumar Tace Finafinai da aka kafa tun 2001 wadda ke sa ido a kan harkar. Irin wannan ba zai ɗauki 'yar mutane ba tare da sanin iyayenta ba, don ya san abin da zai jawo wa kansa. Duk wanda ya ce a zo a ɓoye kada gida su sani, ya riga ya faɗi ko shi wane ne.

Masu son finafinan Indiya za su ce ai su ma suna da nasu labarin hutun, kuma gaskiyarsu. Dilwale Dulhania Le Jayenge, wanda Aditya Chopra ya ba da umarni aka sake shi a Oktoban 1995, kacokan a kan tafiyar hutu aka gina shi. Simran, wato Kajol, ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta zaga Turai a jirgin ƙasa na wata guda kafin a kai ta Indiya a aurar da ita ga wanda ba ta taɓa gani ba. A hanya ta haɗu da Raj, wato Shah Rukh Khan, jirgi ya tafi ya bar su, sauran labarin kowa ya sani. Samari sun fi riƙe rabin farko, da duwatsun ƙanƙara na Suwizalan da waƙoƙin da su Lata Mangeshkar da Kumar Sanu da Udit Narayan suka rera. Amma wanda ya sake kallo da idon girma zai ga ashe fim ɗin na uban ne, Amrish Puri, mai shago a Landan, wanda ya shekara da shekaru yana watsa wa tantabaru tsaba yana begen gonakin Punjab. Kuma abin lura, Simran da izini ta fita, Raj kuma ya ƙi ya gudu da ita ko da uwarta ta ba su dama, ya ce sai uban ya miƙa ta da hannunsa. Masu kwaikwayon rawar fim ɗin sun cika mance wannan wurin.

Hanya kuma ba ta san tauraro ba. Masana'antar fim ta Hausa ta yi rashi a kan kwalta wanda har yau ba a daina jimami ba. Balaraba Muhammad ta rasu a 2003 a hatsarin mota a hanyar da ke tsakanin Kaduna da Kano, tana amarya, ana cikin hidimar bikinta. Ahmed S. Nuhu ya rasu ranar 1 ga Janairu, 2007, a wajen Azare, a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, yana tsakiyar tashensa. Bayan shekara uku cif, ranar 1 ga Janairu, 2010, Hauwa Ali Dodo, wadda aka fi sani da Biba Problem, ita ma ta tafi ta hanyar hatsarin mota. Allah ya jiƙansu da rahama. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma wannan bai hana ɗan hutu ya duba tayar motar da zai shiga ba. Damina ce, kwalta na santsi, ramuka sun ɓuya a cikin ruwa. Motar da ta ɗauki mutum biyu a gaba, huɗu a baya, ga buhuna a but har murfin bai rufu ba, arharta ba riba ba ce. Shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta suna da lambar wani na gida, ya fi tsayar da ta bakin hanya ko da an rage ɗari biyar. In direba ya fara gudun wuce sa'a, waƙa na tashi, fasinja na da bakin magana, kuma ba rashin kunya ba ne yaro ya ce a sassauta. Tafiyar dare kuwa, tun da masu garkuwa da mutane suka addabi wasu hanyoyin Arewa, har jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna bai tsira ba a harin 28 ga Maris, 2022, ba uban da ya kamata a roƙa ya yarda da ita. Sammako ya fi.

Waɗanda hutunsu ke ƙetare iyaka su ma suna da nasu. Gidaje da yawa a Katsina, Daura, Kano da Sakkwato rabinsu na Nijar ne. A bi ta Jibiya a faɗa Maraɗi, ko ta Kwangwalam a nufi Damagaram. Yaron da ya je can karon farko yakan yi mamakin ganin finafinan da ya baro a gida sun riga shi isa, fastocin jarumai a shagon mai shayi, ana kiran sunayensu kamar 'yan unguwa. Nijar babbar kasuwar fim ɗin Hausa ce tun zamanin kaset, kuma ba saye kaɗai take yi ba, tana bayarwa. Fati Nijar daga Maraɗi ta zo Kano ta zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin masana'antar. Amma siyasa ta sha shiga tsakani. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai kuma aka sake rufewa, daidai lokacin da aka fara dogon hutu, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A wannan shekarar ta 2023 ne kuma aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Yara da yawa a ƙofar gida suka yi hutunsu, kaka na can, jika na nan, sai dai murya ta waya.

Su kansu 'yan fim sun taɓa yin wani dogon hutun da ba su nema ba. A 2007 gwamnatin Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, a zamanin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi Hukumar Tace Finafinai, ba a ɗage ba sai a farkon 2008, da sababbin sharuɗɗa. Da yawa suka tattara suka koma Kaduna da wasu garuruwan da aiki. Wasu sun zauna can, amma mafi yawa da ƙura ta lafa Kano suka dawo, don a nan kasuwa take, a nan situdiyo suke, a nan iyali suke.

Sai komowa. Makon farko na hutu daɗi ne zalla, baƙo ɗan gata ne, ana yanka masa kaza. Mako na biyu an fara aiken sa. Na uku ya zama ɗan gida, ana yi masa faɗa kamar kowa, ya fara tuna katifarsa da tuwon mamarsa da majalisarsu ta bakin layi. A lokacin ne waƙoƙin bege, waɗanda a da yake ɗauka na saurayi da budurwa ne kawai, suke fara yi masa wata ma'ana daban. Ba ya faɗa wa kowa, amma ya fara ƙirga kwanaki.

Tsaraba dole ce, ko da kuɗin motar da kawu ya bayar ne za a gutsura. Na Jos ya zo da dankalin Turawa, na Maiduguri da turaren wuta da humra da hula, na Nijar da kilishi da cuku da dabino, na ƙauye da gyaɗa da ƙwan zabi da kuka da daddawa, wanda ya zo Kano kuma ya koma da gurasa da alkaki, a da har da sabon fim ɗin da bai kai garinsu ba tukuna. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a lokacinsa. Yaron da ya sauka da kaset ɗin da ba wanda ya gani a unguwa, gidansu ya zama silima a daren, a fito da talabijin tsakar gida, mata a tabarma, yara a gaba, samari a zaure suna leƙe, ana addu'ar kada a ɗauke wuta. Ta haka waƙoƙi da yawa suka shiga garuruwan da ba dila ko guda. Yau da Arewa24, wadda ta fara a 2014, da YouTube suka sa kowa na kallon Labarina ko Izzar So a rana ɗaya, wannan gatan ya ƙare. Ba sauran wanda zai riga wani.

Akwai kuma tsarabar da ba a sa ta a jaka. Wanda ya yi sati shida a Kaduna ya dawo yana jefa Turanci a kowace jimla. Wadda ta je Sakkwato ta dawo da “awo” da “mi kac ce”, ƙannenta na kwaikwayonta suna dariya. Na Legas kuwa ba a magana, shi har tafiyarsa ta canza, kuma duk abin da aka nuna masa sai ya ce ai na can ya fi. Abokai kan ba shi mako guda ya gama cika baki, daga nan su fara kiran sa da sunan garin, sunan kuma ya bi shi wani lokaci har girma. Wani sabon ɗinki, wani sabon aski, wani salon ɗaurin ɗankwali da aka gani a can, duk a makon farko na komawa makaranta ake baje su, kafin shugaban makaranta ya sa almakashi a wanda ya wuce gona da iri.

'Yan ajin ƙarshe na sakandare su kam komowarsu da faɗuwar gaba take, don a cikin Agusta hukumar WAEC ta saba sakin sakamako. Wani yana gidan yayarsa zai ji labari, ya rasa yadda zai yi ya dawo. Sauran kuma ga aikin hutu da aka bayar tun Yuli, ba a ko buɗe littafin ba, sai daren Lahadi a zauna da fitila ana kwafa daga na maƙwabci. Uniform ya ɗage, takalmi ya matse, baba na lissafin kuɗin makaranta yana tsaki. A makarantun kwana, ranar komawa akwai bincike a bakin get, kuma waya da abin kunne na cikin abin da ake ƙwacewa, kamar yadda a da ake ƙwace kaset da ƙaramar rikoda. Waƙar da aka haddace a hanya dai ba mai iya cire ta daga akwati, da daddare bayan an kashe fitila za a ji wata ta ɗauko ta ƙasa-ƙasa daga ƙarshen ɗaki, ana buga bokiti a hankali kada matiron ta ji.